In Mussa Ta Ƙi Ci, Rumbu Na Cikin Haɗari

Manoman Ƙonni, Malbaza da Illela, kun san aikin mussa, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. Ita ce mai gadin rumbu. Gidan da ke da lafiyayyar mussa, kusu ba ya sakewa da hatsi. Saboda haka in ta daina ci, a lura da ita.

Mussa ba ta jure yunwa kamar kare. In ta yi kwana 2 ko 3 ba ta ci kome ba, hantarta tana iya lalacewa, musamman in mai ƙiba ce.

Mi ke hana ta ci?

1. Ciwon baki: haƙori ya karye, ko ƙayar kifi ta maƙale.
2. Mura: da hanci mussa ke gane abinci. In ya toshe, sai ta ƙi ci.
3. Tsutsar ciki: ciki ya kumbura, jiki ya rame.
4. Guba: ta ci kusun da maganin kusu ya kashe.
5. Albasa: albasar Galmi arzikinmu ce, amma ga mussa guba ce, ɗanya ko dafaffa. Tana lalata mata jini. Haka ma tafarnuwa.

Mi za a yi?

A ajiye mata ruwa mai tsabta cikin inuwa, musamman da bazara. A ba ta ɗan nama ko kifi marar ƙaya, da ɗumi-ɗumi, don ƙamshi ya ja ta. Tuwo kaɗai ba ya riƙe mussa. A share mata hanci da tsumma mai laima. A binne mataccen kusu da nisa.

Kada a ba ta maganin mutane. Ƙwaya guda ta farasitamol tana iya kashe ta. In ta wuni ta kwana ba ta ci ba, a nemi malamin dabbobi na ma'aikatar kiwo.

Hattara!

In ta ƙi ci, tana zubar da miyau, tana cizo ba dalili, yana iya zama ciwon haukan kare. Kada a sa mata hannu a baki. A kori yara daga wurin, a rufe ta, a sanar da malamin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakushe, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi gidan likita ran nan. In ciwon ya bayyana ga mutum, ba shi da magani.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan labari. Rigakafi ya fi magani.