Ba Kowace i7 Ce Ta Fi i3 Ba: Gaskiya da Ƙarya a Kasuwar Kwamfuta

Ɗan yayata ya gama hidimar ƙasa, ya kama ɗan shago a unguwarsu don buga takardu da katunan biki. Da ya tashi sayen kwamfutar tebur sai ya kira ni: "Kawu, zo ka raka ni. An ce mini in dai ba i7 ba ce, kada in taɓa."

Wannan magana ta zama ruwan dare. Za ka ji ta a titin Beirut da ke Kano, ka ji ta a Banex ta Abuja, haka a Computer Village ta Ikeja. Ita ce kuma ta fi kowace jita-jita cinye kuɗin mutane, shi ya sa zan fara da ita.

Muka shiga wani shago. Mai shagon ya ɗora akwatin kwamfuta a kan kanta, ya goge sitikar gabanta da babban yatsa, ya ce, "Alhaji, i7 ce wannan, ba ta da ta biyu." Na roƙe shi ya kunna. Na danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, na duba cikakken sunan furosesa: i7-2600. Bai yi ƙarya ba, i7 ɗin ce. Sai dai a 2011 aka fitar da ita.

Sunayen i3 da i5 da i7 matsayi ne a cikin zubi ɗaya kawai. Kamfanin Intel ya fara fitar da i7 tun 2008, kuma ya yi shekaru yana sabon zubi kusan duk shekara da sunayen nan dai. Sirrin yana cikin lambar da ke bayan ɗan layin. A kwamfutar tebur, idan alƙaluma huɗu ne, na farko shi ne zubin: 2600 zubi na biyu, 8500 zubi na takwas. Idan biyar ne, biyun farko za ka karanta: 12100 zubi na sha biyu. To i3-12100 ta 2022 tana da ƙwayoyin aiki huɗu daidai da waccan i7 ta 2011, kuma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, ga ƙarancin cin wuta. Ita kuwa i5-8500 ta 2018 ƙwayoyi shida gare ta. Saboda haka duk wanda ya ce maka "i7 ce" ya tsaya nan, rabin suna ya faɗa maka. Ka tambayi sauran.

Maganar zubi ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Wasu sun yi ta yaɗa cewa daga ranar kwamfutocin da ke kansa za su mutu. Ba haka ba ne, suna nan suna aiki. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba turowa. Amma gaskiya ne cewa Windows 11, ban da 'yan ƙalilan, daga zubi na takwas na Intel yake karɓa, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD, tare da abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Masu gyara suna iya cusa shi a kan tsohuwar kwamfuta ta bayan gida, don haka ganin Windows 11 a sikirin ba shaidar sabunta ba ne, kuma Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da kula da irin wannan ba.

Jita-jita ta biyu: "Idan kwamfuta tana nauyi, furosesa ce ta yi ƙanƙanta." Sau da yawa ba laifinta ba ne. Mai laifin shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda allura ke bi tana neman bayani kamar garmaho. A mafi ƙoƙarinsa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na gama-gari, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yana kaiwa kusan 550, nau'in NVMe kuwa dubbai. Na sha ganin kwamfutar da ake kunnawa a je a yi alwala a dawo ba ta gama tashi ba, aka sa mata SSD ta koma tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. A ra'ayina SSD mai gigabait 256 ya fi wa mai shagon buga takardu amfani a kan faifai mai juyawa na terabait guda. In ajiya ta yi kaɗan, a haɗa su biyun: manhajoji a SSD, hotuna da bidiyo a tsohon faifan.

A nan akwai zargin da ake yi wa 'yan kasuwa ba da hakkinsu ba. Mutum ya sayi faifan terabait 1, ya je gida ya ga gigabait 931, ya dawo yana faɗa an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024. Shi ya sa 256 ke fitowa 238, 500 kuma 465.

RAM fa? Gaskiya ne ƙara shi yana taimakawa, amma har zuwa inda aikinka ya tsaya. Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau. 8 ya ishi Word da Excel da intanet. Mai CorelDraw da Photoshop ko tace bidiyo ya nemi 16. Kuma ba kowane RAM ke shiga kowace kwamfuta ba: DDR3 da DDR4 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kada a danna da ƙarfi.

Sai katin girafik, inda ake yaudarar matasa masu son wasanni. "Giga huɗu ne!" Yawan gigar ba shi ne ƙarfin kati ba; akwai GT 730 mai giga 4 da ba ya iya ɗaukar manyan wasannin zamani. Akwai ma jabu, tsofaffin katuna da aka sauya wa suna, kuma manhajar GPU-Z takan tona asirin da yawa daga cikinsu. Mai buga takardu ba ya buƙatar kati kwata-kwata, wanda ke cikin furosesa ya wadatar.

Yanzu ga maganganun da suke gaskiya, ko da an yi musu ƙari.

"Kwamfutar Amurka da an jona ta take ƙonewa." Wannan yana faruwa, amma da dalili. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Tsofaffin fawa fak suna da wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda igiyar wuta ke shiga, an rubuta 115 da 230. Idan yana kan 115 ka jona a nan, ƙara za ka ji da warin ƙuna. Sababbi da kansu suke daidaitawa. Kafin ka jona kowace ta hannu, juya bayanta ka duba.

"Ta hannu shara ce da Turawa suka zubar." Wata haka ne. Amma da yawa daga cikin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre da ake shigowa da su, na ofisoshi ne da aka sauya bayan 'yan shekaru, kuma don doguwar hidima aka ƙera su. Ba sai ka dogara da rantsuwa ba: manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka lafiyar faifan da awowin da ya yi a kunne. Ka sa a buɗe murfin kuma. Ƙurar hunturu takan yi dam a fanka kamar auduga, idan zafin bazara ya zo kwamfutar ta riƙa rage gudu ko ta kashe kanta. Abin lura ɗaya: siraran irin waɗannan fawa fak ɗinsu ƙarami ne, babban katin girafik ba zai shiga ba. Wanda ke da niyyar ƙara kati nan gaba ya ɗauki mai babban akwati.

Mai amfani da sola ko ɗan janareta kuma kada lambar da ke jikin fawa fak ta tsorata shi. Wat 500 iyakar abin da zai iya bayarwa ne, ba abin da yake sha kullum ba. Ƙananan kwamfutocin ofis masu girman littafi da adafta mai wat 65 ko 90 suke aiki. UPS kuwa ba janareta ba ce. Ƙaramar nan mai 650VA 'yan mintuna take ba ka, ka adana aikinka ka kashe lafiya. Duk da haka ban yarda a sayi kwamfutar tebur a ƙasar nan babu ita ba, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki tana lalata fayil, wani lokaci har da Windows ɗin kansa.

Mun bar waccan i7 a kan kanta. A shago na uku muka samu OptiPlex mai i5-8500 da RAM giga 8. Muka sa aka cire faifan ciki aka ɗaura SSD mai 256, muka ƙara RAM giga 8, canjin da ya rage muka haɗa da UPS. Kafin a naɗe ta, yaron ya juya bayanta yana laluben jan makunni da yatsa. Ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan ba ta da shi."