Mutum Huɗu, Murya Biyar: Abubuwan Mamaki Game da Waƙar Shagon Aski

A Amurka akwai wata waƙa da ake kira waƙar shagon aski. Ba ganga, ba garaya, ba fiyano, maƙogwaro ne kawai. Dare ɗaya a mako, malamin makaranta da direba da ɗan fansho kan taru a wani zaure na unguwa, su jeru a kan matakalai su rera. Duk mai so ya zo.

Sabon shiga ba a tambayarsa ko ya iya karanta rubutun kiɗa, domin da yawa cikinsu da kunne suke koyo. Za a ja shi gefe, a sa shi ya bi sauti sama da ƙasa, a ji inda muryarsa ta tsaya, sannan a nuna masa rukuninsa. Rukunan huɗu ne. Akwai jagora mai riƙe da karin waƙar, akwai mai siririyar murya da ke shawagi a samansa, akwai mai kaurin murya a ƙasa kamar harsashin gini. Na huɗun, baritan, shi ya fi burge ni. Duk sautin da ya rage bayan ukun sun ɗauki nasu, shi ake bar wa. In ka ji shi yana rera nasa shi kaɗai, sai ka rantse ya ɓata hanya. A cire shi kuwa, waƙar ta zama miya ba gishiri.

Mu mun saba mawaƙi ya bayar, 'yan amshi su karɓa. Su kuwa galibi tare suke furta kowace kalma, sautin ne kawai ya bambanta.

Babban abin mamakin shi ne murya ta biyar. Kowace muryar ɗan Adam tana ɗauke da wasu siraran sautuka a samanta waɗanda ba a cika lura da su ba. Idan mutum huɗu suka daidaita sautukansu bisa lissafin 4, 5, 6 da 7, suka kuma buɗe baki iri ɗaya a kan wasali ɗaya, sai siraran nan su hau kan juna su yi ƙarfi. Nan take ka ji wani sauti yana kaɗawa a saman ɗakin, alhali ba wanda ke rera shi. Wasu na ce masa muryar mala'ika. Fiyano ba ya iya fitar da shi tsaf, don an riga an ɗaure sautukansa, amma maƙogwaro na iya gyara kansa da ɗan ƙiris. Tsigar jiki kan tashi, kuma wannan ne ke mayar da baƙon dare ɗaya ɗan gida.

Babbar ƙungiyarsu an kafa ta a Tulsa ta jihar Oklahoma. Wani lauyan haraji, O. C. Cash, da abokinsa Rupert Hall suka aika takardun gayyata, mutum 26 suka hallara a saman wani bene ranar 11 ga Afrilu, 1938. Sunan da suka raɗa mata ya yi tsawo har taƙaitawarsa ma harufa takwas ce, SPEBSQSA, kuma da gangan aka yi don tsokanar hukumomin gwamnatin lokacin masu sunayen harufa. Yau sunanta Barbershop Harmony Society, hedkwatarta na Nashville.

Me ya haɗa waƙa da aski? A Ingila ta ƙarni na 17, akan ajiye abin kiɗa mai tsirkiya a shagon aski don mai jiran layi ya rage zafin jira. Mai askin nan kuwa wanzami ne sosai, yana fitar da jini yana cire haƙori, abin da sandar ja da fari ta ƙofar shagon ke tunatarwa ke nan.

Amma salon da ake rerawa yau, tushensa yana wurin baƙar fatar Amurka, kuma nan ne labarin ke sosa mini rai. A ƙarshen ƙarni na 19, shagon aski shi ne majalisar mazansu, a nan suke haɗa muryoyi. Louis Armstrong ma yana yaro ya yi irin wannan waƙa ta mutum huɗu a titunan New Orleans. Duk da haka, a 1941 wasu baƙaƙen 'yan dako huɗu na tashar jirgin ƙasa ta Grand Central suka lashe gasar New York, aka hana su shiga gasar ƙasa saboda launin fata. Tsohon gwamnan jihar, Al Smith, ya fice daga ƙungiyar don fushi. Sai 1963 aka cire shingen. A 1992 manazarci Lynn Abbott ya baje hujjojin asalin waƙar, a 2017 kuma ƙungiyar ta karrama 'yan dakon, bayan ƙasa ta rufe musu ido.

Mata sun kafa tasu, Sweet Adelines, a 1945, a Tulsa ɗin dai, kuma waɗanda suka ci gasarsu har kambi ake ɗora musu. Ƙungiyar mazan ba ta buɗe wa mata ƙofa ba sai 2018.

A 2012 wasu samari huɗu daga Suwidin, Ringmasters, suka zama na farko daga wajen Arewacin Amurka da suka ɗauke kambun gasar duniya ta ƙungiyar mazan.

Sai kuma wutsiya. Haka suke kiran 'yan layukan ƙarshe na waƙa, inda daɗin ya taru, kuma sukan yanke ta su rera ita kaɗai. Bayan an tashi daga atisaye, wani dattijo zai kamo hannun baƙo ya ce zo ka riƙe mana sauti ɗaya. Ya ciro ɗan usur mai zagaye daga aljihu ya busa, ya koya wa kowa nasa da baki cikin minti biyu. Baƙon ya ja numfashi ya riƙe sautinsa, sauran ukun suna zagaya shi har su sauka tare. A manyan tarukansu, otal kan cika da irin waɗannan 'yan huɗu-huɗu a ƙarƙashin matakala da lunguna, inda bango ke mayar da amo, har gab da asuba.