Gyaran Jikin Mota: Wanne Za Ka Yi Da Kanka, Wanne Za Ka Kai Gareji?

Kwanan baya na je Achilafiya duba rumbun wata ƙungiyar manoma, sai na tarar da a-kori-kurarsu a gindin darbejiya, gefenta na dama a lotse. Amalanke ce ta goge ta a hanyar gona. 'Yan ƙungiya sun rabu biyu. Waɗansu sun ce a sayo ƙarfen a ɗaura a gida, ladan aiki ya zauna a asusu. Waɗansu kuwa sun ce a kai ta Kazaure wurin masu gyaran jikin mota, waɗanda ake kira fanal bita. Ga kuma riɗi da gyaɗa a buhu suna jiran kasuwa. Na ji irin wannan gardama a Roni da Gwiwa da Babura, shi ya sa na ga ya kamata mu duba ta tare.

Ga ƙa'idar da za ku riƙe: abin da noti ya riƙe, kana iya kwance shi ka ɗaura wani da kanka. Abin da walda ta haɗa, ka bar wa mai sana'a.

Yadda aka haɗa jikin mota

Motocinmu iri biyu ne. A-kori-kura irin su Toyota Hilux tana da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu a ƙasa, a kansu aka ɗora jiki. Ƙaramar mota irin su Golf ba ta da shasi dabam, jikin nata shi ne ƙashinta. A kowace iri, ƙofofi da murfin inji da bamba da ƙarfen da ke rufe tayar gaba, yawanci noti ne ke riƙe da su. Amma rufin mota da ginshiƙan ƙofa da daɓen ƙasa, da gefen baya na ƙaramar mota, walda aka yi musu tun daga masana'anta. Su ne ke tsare rayukan waɗanda ke ciki ranar haɗari.

In za ka ɗaura da kanka

1. Ka sayi wanda ya dace. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka cika hanyoyinmu, samun ƙofa bai zama da wuya ba. Yanzu iri ya yi yawa. Ƙofar Golf 3 ba ta shiga Golf 4. In za ka Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon ƙarfen a gwada su gefe da gefe. Ka duba bayansa ko tsatsa ta ci, ka kuma tabbata na dama ne ko na hagu.

2. Ka cire wayar batir kafin ka taɓa kome, gama akwai wayoyin fitila da na gilashi a cikin jikin mota.

3. Ka zuba ɗan mai a kan notocin tun da dare. Noti mai tsatsa in an matsa masa karyewa yake yi, cire guntunsa kuwa sai a gareji. Ka yi aiki da sifanar da ta yi daidai da kan notin.

4. Kafin ka kwance, ka zana da fensir inda tsohon ya zauna. Ka zuba notocin a gwangwani, kada su ɓace a rairayi.

5. Ka ɗaura sabon a sassauce tukuna. Ka duba tazarar da ke tsakaninsa da ƙofa, ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kamar milimita 4. Ka buɗe ƙofa ka rufe sau da yawa, sa'an nan ka ƙara ɗaurewa. Ƙofa da murfin inji aikin mutum biyu ne.

6. Duk inda ƙarfe ya fito tsirara, ka goge da samfefa ka shafa jan fentin nan na hana tsatsa a ranar. Da damina tsatsa ba ta jira.

7. Ka gwada makullin ƙofa da na murfin inji kafin ka hau titi. Murfin da bai kama ba, iska takan ɗaga shi ya rufe wa direba ido.

Lokacin da ya zama dole a kai gareji

Ka lura da alamu huɗu. Ƙofar da ba a buga ba ta ƙi rufuwa. Mota tana ja gefe ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya. Taya tana cinyewa ta gefe guda. Sabon ƙarfe ya ƙi zama a kan ramukan noti. Ko ɗaya ka gani a cikinsu, wataƙila dukan ya kai ga ƙashi. Rufe shi da sabon ƙarfe kamar yaɓe ne a kan bangon da ya tsage tun daga tushe.

Kada kuma ka ari kayan walda ka ce za ka koya a jikin motarka. Tankin fetur ko da babu mai a ciki, tururin da ya rage yana iya fashewa. Ƙarfen jikin mota sirara ne, zafi kaɗan ke huda shi ko ya murɗe shi. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ku yi lissafi tukuna

Mutane sukan kwatanta kuɗin ƙarfe da ladan fanal bita kawai, su manta da sauran. Ku rubuta kuɗin ƙarfe, da kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da na fenti, da na sifanar da ba ku da ita. Ku ƙara da kwanakin da motar za ta yi ba ta aiki, domin da kaka kwana ɗaya ma kuɗi ne. Ƙaramar lotsawa sau da yawa buga ta ya fi sayen sabon ƙarfe sauƙi.

In kun kai gareji, ku gama ciniki kafin a fara, ku san ko bugawa za a yi ko canzawa, kada kuma ku biya duka sai aiki ya ƙare. Ku sa ido a kan fila, wato ƙullun da ake shafawa a daidaita fuskar ƙarfe. Shafe kaɗan ake yi. Wanda ya cika rami da ita maimakon ya buga ƙarfen, gargadar hanyoyinmu za ta fasa ta. Ku ɗora maganaɗisu a wurin, in ya ƙi kamawa, fila ta yi kauri. Feshin fenti kuma ba ya son ƙurar hunturu, ana iya jinkirta shi muddin an shafa jan fenti.

Mutanen Achilafiya da muka duba tare, sai muka ga ƙarfen tayar gaba noti ke riƙe da shi, samarinsu suka canza shi da yamma ɗaya. Amma ginshiƙin ƙofa ya ɗan lanƙwashe, shi kam aka kai Kazaure. Kuɗin da suka kashe bai kai yadda suka ji tsoro ba, riɗinsu kuma ya isa kasuwa a kan kari.

Saboda haka 'yan'uwa, kafin gardama ta yi nisa, wani ya durƙusa ya leƙa: noti ne ko walda? Allah ya kiyaye hanya.