TSOHON JIRGIN RUWA: WANE INJI YA DACE DA SHI?



Yau hirarmu ta bakin ruwa ce. Kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara, ya ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550, tun daga iyakar Mali, ya bi ta Ayoru da Tilaberi da Yamai har Gaya. A can, jirgin ruwa shi ne amalanken talaka. Shi ke kai shinkafa da albasa da kifi kasuwa. Shi ke ƙetarar da marar lafiya zuwa likita. Haka abin ya ke a gabas, wajen tabkin Cadi.

In kaka ta yi kyau, mai jirgi ya kan so ya huta da filafili, ya sayi inji. Sabo ya yi tsada, sai a nemi na hannu. To, a nan ne a ke yin kuskure. Mutum ya kan ce: tun da na samu babba da araha, bari in ɗauka. Ba ya tambayar ko jirginsa zai iya.

A wani gari kusa da Gaya na ga wani magidanci da ya sayar da albasarsa, ya sayo inji mai doki 40, ya ɗaura ma jirgin da ya gada wurin mahaifinsa. Ba a yi wata biyu ba ƙusoshi suka saki. Kowace tafiya ɗansa na zaune da ƙwarya yana kwalfar ruwa. Abin da ya samu a kasuwa kuma mai ya cinye. Daga baya ya sayar da injin da hasara. Kada haka ta same ka.

MENE NE DOKI?

Ƙarfin inji da doki a ke auna shi. Lambar da ka gani a rubuce bisa hular inji, 8, ko 15, ko 25, ko 40, ita ce yawan dawakinsa. In dawaki suka yi yawa, abu uku ke ƙaruwa tare: nauyi, da shan mai, da jijjiga.

Dubi injin Yamaha Enduro, wanda a ke yawan gani a koginmu. Mai doki 8 bai kai kilo 30 ba. Mai doki 15 ya kusa kilo 40. Mai doki 25 ya haura kilo 50. Mai doki 40 ya kai wajen kilo 70, wato nauyin ƙaton mutum da ke zaune can ƙarshen jirgi, ba ya tashi.

Wajen mai kuwa, irin injin da a ke gauraya ma isansi da man inji, in an buɗe mashi wuta duka, kowane doki ya kan sha kusan rabin lita cikin awa guda. Mai doki 15 zai sha lita 7 zuwa 8. Mai doki 40 zai sha kusan lita 20. Tambayi kuɗin lita a garinku, ka yi lissafi da kanka.

AUNA NAUYI TUKUNA

Ga dabara mai sauƙi. Kowane tan guda, wato kilo 1000, yana bukatar doki 8 ko kusa da haka. Amma sai ka haɗa kome da kome: jirgin kansa, da kaya, da mutane, da inji, da mai.

Ɗauki alƙalami mu yi misali:

Jirgi: kilo 500
Buhu 10 masu kilo 100: kilo 1000
Mutum 5: kilo 300
Inji da tankin mai: kilo 60
Duka: kilo 1860

Ya kusa tan 2 ke nan. Doki 15 ya ishe ka. Ƙaramin jirgin su, mai ɗaukar mutum biyu ko uku da koma, doki 8 ya wadace shi. Doki 40 na babban jirgin fito ne, mai kai tan 5 in an yi mashi lodi.

In ba ka san nauyin jirginka ba, je wurin wanda ya ƙera shi, ko wani tsoho cikin Sarkawa. Su sun san katako.

BABBAN INJI BA SHI NE GUDU BA

Jirgin katako mai kaya keta ruwa ya ke yi, ba ya tashi bisa ruwa. Gudunsa yana da iyaka, kuma tsawon jirgin ne ke yanka wannan iyaka. In ya kai nan, ko ka ninka dawaki, gudun da zai ƙaru kaɗan ne. Sai dai gindin jirgi ya nutsa, goshinsa ya ɗaga, igiyar ruwa ta tashi a baya. Manka ne ke tafiya cikin wannan igiyar.

Akwai wani haɗari kuma. Mai babban inji ya kan ga kamar zai iya ɗaukar kome, sai ya yi ta ƙara lodi. Inji ba ya hana jirgi nutsewa. A watan Fabrairu na 2019, wani jirgi maƙare da ƴan kasuwa ya kife kusa da Sambera, cikin jihar Doso, mutum fiye da 40 suka salwanta. Allah ya jiƙan su. Mu kuma mu ɗauki darasi.

Amma kada ka ce to bari in sayi mafi ƙanƙanta. Kogi na cika sau biyu: jan ruwa a watan Agusta da Satumba, sai baƙin ruwa da ke zuwa daga ƙasar Gine wajen Disamba da Janairu. Injin da ya yi ƙarami ba zai hau da kaya ba lokacin da ruwa ke da ƙarfi. Kullum sai ka ba shi wuta duka, ya mutu da wuri. Injin da ya dace shi ne wanda ke tafiya da lodinka ba tare da ka ƙure mashi wuta ba, ya bar maka saura don ranar iska.

DUBI KATAKO

Tsohon jirgi kamar tsohon raƙumi ne. Ya san hanya, amma ba a yi mashi labtun saurayi. Jawo jirginka tudu. Ɗauki wuƙa ka soki katakon da za a ɗaure inji a kai, da na kewayensa. In bakin wuƙa ya shige da sauƙi, katakon ya ruɓe, sai an sake shi kafin a yi zancen inji. Dubi ƙusoshi da wuraren haɗi, ka toshe duk inda ke yoyo. In lissafi ya faɗa tsakanin inji biyu, jirgin kuwa ya tsufa, ɗauki ƙaramin.

TSAWON ƘAFA

Girman inji ba doki kaɗai ba ne. Akwai mai gajerar ƙafa, wajen santimita 38, da mai doguwa, wajen santimita 51. Auna daga saman katakon da inji zai zauna zuwa ƙasan jirgi. Faffaɗan ƙarfen da ke bisa farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ƙafa ta gajarta, farfela na shaƙar iska, inji na ƙara, jirgi ba ya gaba. In ta yi tsawo, za ta yi ta bugun rairayi da duwatsu a watan Mayu da Yuni, sa'ad da kogi ya janye.

RANAR SAYE

Tafi da makaniken da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba.

1. Kada fenti ya ruɗe ka. A kan sake hula. Karanta ɗan ƙarfen nan mai lamba da ke manne wajen maɗaurin inji. Harafin S na nufin gajerar ƙafa, L doguwa.
2. Taɓa injin ka ji ya yi sanyi, sa'an nan a ta da shi gabanka. In igiya ta zo sakwa-sakwa, ba ƙarfi, cikinsa ya cinye.
3. Kada a ta da shi a tudu. A sa ƙafarsa cikin ruwa. Sai ka ga ruwa na tsartuwa daga bayansa. In babu, zai yi zafi ya ƙone.
4. A kwance ƙusar man ƙafa. In man ya fito fari kamar nono, ruwa na shiga.
5. Tambaya ko a na samun buji da farfela da sauran kayansa a kasuwar da ke kusa da kai.
6. Gwada shi bisa jirginka, da lodi, ka hau ruwa da shi.
7. A rubuta maka takarda da lambar injin, gaban shaidu, don kada ka sayi na sata.

In ka saya, kula da gauraye. Yawancin irin waɗannan injuna, lita 25 na isansi rabin lita na man inji su ke so. Kuma kada filafili ya bar cikin jirgi.

Iya ruwa fid da kai. Kai da ka iya karatu, karanta ma maƙwabcinka wannan takarda a bakin mashigi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.