Bayanin Annabi Isa da Buda, da Abin da Ya Raba Su

Da sunan Allah nike farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya aiko manzanni, tsira da aminci su tabbata ga cikamakinsu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai almajiri, Allah shi ba ka fahimta, ka sani Nasara maƙwabtanmu ne a Sabon Garin Gusau tun da jirgin ƙasa ya iso. Yanzu kuwa 'ya'yanmu suna zuwa karatu Hindu da Sin da Malesiya, suna komowa da labarin wani mutum da aka ce ma Buda. Wasu na cewa shi da Annabi Isa duk tafiya ɗaya ce, wasu har suna kiransa annabi. Don haka na tattara wanga bayani, domin kada ɗalibi shi ba wani annabci da ka, kuma kada shi ƙaga ma wani ƙarya.

Fasali, a kan Buda. Buda laƙabi ne, ma'anarsa farkakke. Sunansa Siddata Gotama, ɗan Suddodana, babba cikin ƙabilar Sakiya. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau. Lissafin dā ya sa rayuwarsa daga 563 zuwa 483 kafin Miladiyya, masu bincike na baya kuwa suna kai mutuwarsa wajen 400. Mutanensa sun ce uwarsa ta rasu kwana 7 bayan haihuwarsa, ya tashi cikin ni'ima, ubansa shina ɓoye masa duk abin baƙin ciki. Ya yi aure, ya haifi ɗa. Sai ya fita ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya ga wani mai gudun duniya. Shina da shekara 29 ya bar gida da dare. Shekara 6 shina azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa halaka, sa'an nan ya ce wannan ba hanya ba ce, tsakaitawa ta fi. Ya zauna gindin wani itace dangin ɓaure, ya tashi ya ce ya farka. Ya fara karantarwa kusa da Banaras da mutum 5, ya yi shekara 45 shina yawo da ƙoƙon bara, ya mutu shina da 80.

Karantarwarsa ta tsayu bisa magana 4: rayuwa wahala ce, tushen wahala kwaɗayi ne, ana iya kashe kwaɗayi, kuma akwai hanyar kashe shi mai rassa 8. Ya hana mabiyansa kisa da sata da alfasha da ƙarya da abin maye. Duk wanda ya karanta littattafan tasawwufi zai ji wani abu nan da ya san ƙamshinsa, labarin barin gida kuwa shina tuna mini da Ibrahimu ɗan Adhama da ya bar sarautar Balkh. Amma ka yi hattara. Buda bai kira mutane ga Mahalicci ba, bai ce an aiko shi ba, bai ce an yi masa wahayi ba. Ya tafi bisa cewa ana mutuwa a sake haihuwa, abin da malamanmu suke kira tanasukhi, ya kuma ce babu wani rai tabbatacce cikin mutum. Tsira wurinsa ita ce fita daga wannan kewayi, suna ce mata nibbana, kamar mutuwar fitila idan mai ya ƙare.

Fasali, a kan Annabi Isa, amincin Allah shi tabbata gare shi. Labarinsa ka san shi daga Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam, ba ni tsawaitawa. An haife shi ba uba, ya yi magana cikin zanen goyo, ya warkar da makaho da mai albaras, ya rayar da matacce da izinin Allah. Littattafan Nasara sun ƙara cewa haihuwarsa a Baitalami ce zamanin sarki Hirudus, ya girma a Nazarat gidan masassaƙi, ya fara kira shina da kamar shekara 30, kiran bai wuce kamar shekara 3 ba. Sun ce an gicciye shi zamanin Bilatus, wakilin Rumawa daga 26 zuwa 36 Miladiyya. Suratun Nisa'i ta kore kisan da gicciyewar, Allah Ya ɗauke shi.

Inda sunka yi kama ga shi: dukansu ba su tara dukiya ba, sun yi yawo da almajirai, sun buga misalai, sun yi horo da tausayi da barin ramuwa, ba su ɗauki takobi ba. Ba wanda ya bar littafi da hannunsa. Maganar Buda ta yi ɗaruruwan shekaru a ka kafin a rubuta ta a tsibirin Sarandib, wato Siri Lanka, cikin ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Linjila 4 da ke hannun Nasara kuwa da Yunananci anka rubuta su, galibin masu bincike suna sa su tsakanin 70 da 100, alhali Annabi Isa da Aramiyanci ya yi magana. Kowane addini kuma ya sami sarkin da ya ɗaukaka shi: Asoka a Hindu, Kustantin a Rum, wanda ya tara malaman Nasara a Nikiya cikin 325, sunka tsayar da cewa Isa zati ɗaya ne da Allah. Saboda haka ban yarda a kira Annabi Isa mai kafa addinin Nasara kai tsaye ba. Shi bawa ne manzo zuwa ga Banu Isra'ila, mai gaskata Attaura.

Ga wani abin mamaki. Labarin Buda ya shigo Larabci cikin littafin Bilauhar da Budasaf, daga nan ya shiga hannun Nasara da sunan Barlamu da Yosafat, har sunka lissafa ɗan sarkin cikin waliyyansu shekaru masu yawa ba su san ko wane ne ba.

To, ko Buda annabi ne? Shaharastani, wanda ya rasu 548 Hijira, ya kawo zancensa cikin Al-Milal wan Nihal, ya kamanta sifar da mutanensa suke ba shi da ta Halliru. Wasu na baya sun ce shi ne Zulkifli, don sunan garinsu Kabilabastu. Wanga zato ne da anka gina bisa kamar haruffa, ba hujja ba. Gaskiya ne Alƙur'ani ya ce akwai manzannin da ba a ba mu labarinsu ba, amma annabcin wani mutum da sunansa ba ya tabbata sai da nassi. Abin da ke hannun mabiyansa kuwa ba tauhidi cikinsa. Ni abin da na riƙa: ba mu kiransa annabi, ba mu kuma zaginsa, don Suratul An'ami ta hana zagin abin bautar wasu. Annabi Isa kuwa, wanda ya ƙaryata annabcinsa ko ya wulaƙanta shi ya fita Musulunci.

Hukunci shina biye da wannan. Nasara ma'abota littafi ne, yankansu da auren matansu kamammu sun halatta bisa Suratul Ma'ida, da sharuɗɗan da ke cikin littattafan fiƙihu. Mabiya Buda ba haka ba, ba a cin yankansu, ba a auren matansu. Amma ciniki da maƙwabtaka da riƙon amana sun halatta da kowa. Sa'ad da Muhammadu ɗan Ƙasimu ya ci ƙasar Sindu wajen 712 Miladiyya, ya bar su bisa addininsu da jiziya kamar Majusawa, mazhabarmu ta Malikiyya kuwa tana karɓar jiziya ga wanda ba ma'abocin littafi ba. Bisa irin wanga hukunci Maguzawan ƙasar Hausa sunka zauna ƙarƙashin sarakunan Musulunci, ana ma cewa sunansu daga Majusu ya fito.

Allah ne Mafi sani.