Wake: Kada Mu Kai Lafiyar Yaranmu Kasuwa

Da kaka ta yi a Birnin Kudu da Gwaram, sai ka ga ana ta lodin buhunan wake a kasuwar Sara, wasu a nufi Dawanau da su, wasu kudancin ƙasar nan. Manomi ya karɓi kuɗi ya biya bashi, amma kafin damina ta kankama gidansa ya koma tuwo miyar kuka safe da dare. Ta nan tamowa ke shigo wa yara.

Gero da dawa suna ƙosarwa, suna ba da kuzari, sai dai ba sa wadatar da jikin yaro wajen girma. Shi kuwa wake, kusan kashi 25 cikin 100 na busasshiyar ƙwayarsa furotin ne mai gina jiki. Yana ɗauke da sinadarin laisin da hatsi ke da ƙarancinsa, ga sinadaran ƙara jini da mai juna biyu ke buƙata. Ashe garau-garau da ɗanwake da alala da ƙosai abinci ne na gaske. Haka gurjiya, wadda ke yi ko a ƙasar da ta gaji.

A gona ma wake ba ya cin amana. Saiwarsa na da 'yan ƙulle-ƙulle masu jawo sinadarin naitirojin daga iska, su ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa kakanninmu ke shuka shi tsakanin kunyoyin gero. Harawarsa kuma ita ke riƙe tumaki da rani. Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 10 ga Fabrairu don tunawa da wake da danginsa.

Abin da ke sa a yi gaggawar sayarwa shi ne tsoron ƙwari. Wasu kan zuba fiya-fiya a buhu, irin gubar da ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Alhali buhun PICS mai ruɓi uku, idan an ɗaure bakinsa tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da magani ba.

Don haka, maigida, kafin ka kira ɗan dako, fara ware wa iyalinka rabonsu. Rarar ita ce ta kasuwa.