Bakin Atamfa da Cibiyar Faifai

Gwaggona ba ta taɓa sayen atamfa a ninke ba. Duk ranar da na raka ta Babbar Kasuwar Yamai, sai ta sa mai shago ya warware turmin, ta juya bayansa, ta murza gefe da yatsu, wani lokaci har ta kai shi hanci. Ba ruwanta da takarda mai ƙyalli da aka manna a sama. "Takarda kowa na iya bugawa, ɗana," in ji ta. Bakin zanen take bi da ido, inda 'yar Holan ta kamfanin Vlisco ke ɗauke da suna da lamba, sannan ta duba ko rinin ya ratsa gaba da baya daidai. Ta jabu fuskarta shar, amma bayanta a koɗe kamar an yi mata wanki goma.

Ita na tuna ranar da ƙanena ya miƙo mini waya. Ya ga faifan bidiyon wasan wani makaɗin gita na Agadas a shafin gwanjo na intanet, mai kaya na rantsuwa na asali ne, ana ta tayawa har da shi, farashi ya haura jaka goma. Hoto ɗaya tak aka sa, na kwali. Wato turmi a ninke.

Shi ma faifai yana da gaba da baya. Wanda aka buga a masana'anta, ƙasansa ruwan azurfa ne kamar madubi. Wanda aka kwafa da kwamfuta a ɗaki kuwa, in DVD ne ƙasansa shunayya, in CD ne yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga da'irar inda kwafin ya tsaya. Sai cibiya, wadda ita ce bakin atamfarsa. A zoben da ke kewaye da ramin akwai ƙananan haruffa, kuma tun 1994 manyan masana'antu ke sa lamba mai farawa da IFPI, mai nuna inda aka buga shi. Ɓarawo na iya ɗaukar hoton kwali, amma wannan rubutun a jikin robar yake.

Cika baki ma alama ce. DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ci, kimanin awa biyu na hoto mai kyau. Wanda ya ce ya dura maka waƙoƙi ɗari a ciki, ka san fuskoki za su fito a dagule.

Sai dai ba na son a zalunci namu. Mawaƙa da yawa a Yamai da Maradi da Kano ba su da hanyar masana'anta, da kansu suke kwafar aikinsu su sayar, ƙasan faifan shunayya, kuma halaliyarsu ce. Gwaggo ma ba ta taɓa raina atamfar ENITEX ta gida ba. Wadda ta ƙi jini ita ce mai aron sunan wata. A nan tambayar ita ce daga hannun wa kaya ya fito, domin faifan sata ko dala ba ta kaiwa ga mai waƙa, ko da sunansa na rajistar BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha. Mutum ya ba da muryarsa da gumin yaransa, wani can yana cin riba da inji ɗaya. Wannan yana ci mini rai.

Na ce wa ƙanena ya rubuta wa mai kayan: a juya faifan, a ɗauko ƙasansa da cibiyarsa kusa-kusa, a gefen takarda mai kwanan watan ranar. Kwana biyu shiru. Rana ta uku hoto ya zo, ƙasa shunayya, cibiya babu ko harafin masana'anta, alhali kwalin na ɗauke da tambarin wani kamfanin Turai. Ƙanena ya janye tayinsa.